Asalin Sunan Barikin Chindit Na Zariya, Da Bashin Da Ke Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai juya zamani yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

 A wannan mako za mu waiwayi tarihi, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Kada wani ya ce mun saki hanya, gama malamanmu na farko ba su raba sanin tarihi da sauran ilmi ba. Ibn Haldun da ya rubuta babban littafinsa na tarihi, sai ya sa masa suna Kitabul Ibar, watau littafin izina. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar mana Infaƙul Maisuri, Waziri Junaidu kuwa ya ƙare rayuwarsa yana tattara labarin magabata.

Duk wanda ya san Sabon Garin Zariya ya san barikin soja da ake kira Chindit, inda Defo take, watau makarantar da ake horad da kuratan soja tun shekarar 1924. Direba yana faɗin wannan suna, ɗan kasuwa yana faɗinsa, ɗalibin da ya zo karatu Samaru ba ya daɗewa sai ya ji shi a bakin 'yan mota. Amma in ka tsai da mutane ka tambaye su ma'anarsa, da wuya ka sami mai ba ka amsa. Alhali kuwa a bayan wannan suna akwai labarin jinin iyayenmu da guminsu, akwai kuma wani alheri da aka yi mana a nesa wanda har yau ba mu yi tukwicinsa ba.

ZAKIN ƘOFAR ƊAKIN BAUTA

Kalmar ta fito ne daga ƙasar Bama, ba Bama ta Borno ba, wadda ke gabas da Indiya, ita ce ake kira Myanmar yanzu. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne. A ƙofar ɗakunan bautarsu sukan gina siffar wata dabba mai kama da zaki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wai su ne masu gadin wurin. Sunan dabbar nan a harshensu chinthe. Da Turawan Ingila suka kafa wata runduna ta musamman domin yaƙar Japan a ƙasar, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sai suka ɗauki hoton dabbar suka yi tambari da shi. Bakinsu kuma ya karkata sunan, ya koma Chindit. Ashe ke nan sunan da ake kira safe da yamma a Sabon Gari sunan zakin ƙofar ɗakin bautar Buda ne.

Ba wannan bariki kaɗai ya sami suna daga can ba. Barikin Dodan na Ikko, inda shugabannin ƙasar nan suka zauna daga 1966 har aka ƙaura Abuja a 1991, mai jin Hausa yakan zaci daga dodo aka samo sunan. Sunan wani wuri ne a Bama inda sojanmu suka yi yaƙi. Haka Arakan da Tamandu a Apapa, haka An da Myohaung a Yaba, haka Letmauk a Badun, haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Dukkansu sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na wannan ƙasa mai nisa. Wanda ya jera sunayen barikokinmu, ya jera zangon da kakanninmu suka yi a dajin Bama bai sani ba.

MUTUMIN DA YA KAFA RUNDUNAR

Wanda ya kafa rundunar Chindit wani hafsan Ingila ne mai suna Orde Wingate. Tarihinsa ya kamata Musulmi ya san shi. Ya koyi Larabci a London, ya yi aikin soja a Sudan daga 1928 zuwa 1933, sa'an nan aka tura shi Falasɗinu a 1936, daidai lokacin da Larabawa suka tashi tsaye a kan mulkin Ingila da yawan shigowar Yahudawa. Wingate ya ba da zuciyarsa gaba ɗaya ga masu neman kafa ƙasar Yahudawa. A 1938 ya kafa ƙungiyoyin sintirin dare, ya haɗa sojan Ingila da samarin Yahudawa, suna tsaron bututun man fetur da ya taso daga Iraƙi zuwa Haifa, suna kuma kai farmaki ƙauyukan Larabawa cikin dare. Cikin waɗanda suka koyi dabarun yaƙi a wurinsa akwai Moshe Dayan da Yigal Allon, waɗanda daga baya suka zama manyan janarorin Isra'ila. Abin ya yi yawa har shugabanninsa suka ɗauke shi daga ƙasar a 1939. Har yanzu babbar makarantar wasanni ta Isra'ila sunansa take ɗauke da shi.

Da yaƙi ya ɓarke sai aka tura shi Habasha, wadda Italiya ta cinye tun 1936. Shi ya raka Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa ran 5 ga Mayu, 1941. A wannan yaƙi na Habasha sojan Nijeriya ma sun taka rawa babba ta ɓangaren kudu. Birged ta 23 ta Nijeriya ita ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu, 1941, ta tashi daga nan ta ci fiye da mil 700 cikin kwana 17 zuwa Jijiga, kafin ƙarshen Maris ta isa Harar, tsohon birnin Musulmi. Watau 'ya'yan ƙasar nan suna cikin waɗanda suka fid da baƙin mulki daga ƙasar Najjashi, inda sahabbai suka yi hijirar farko. Daga Habasha aka wuce da Wingate Indiya. A Fabrairun 1943 ya kutsa Bama da mutum wajen 3,000, fiye da 800 daga cikinsu ba su komo ba.

YADDA IYAYENMU SUKA JE CAN

Japan ta shiga yaƙin a Disamba 1941. Kafin wata huɗu ta ci Malaya da Singafo da Rangun, babban birnin Bama, ta tsaya a ƙofar Indiya. Ingila ta rasa mutane, sai ta juyo Afirka. Aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ana neman samari. Wasu sun kai kansu domin sule guda da ake biyan farabiti a rana, wasu kuwa an nuna su ne da yatsa, ba su da ta cewa. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne baƙi, domin tunawa da wayon Gizo na tatsuniya. Tambarin ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammon nan yana da dalili. A duwatsun Bama mota ba ta shiga, saboda haka dubban sojan nan aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, harsashi da abinci da sassan igwa. Jimlar sojan Afirka ta Yamma da aka kai wannan fage ta kai wajen 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

Runduna ta 81 ta tashi daga gaɓar tekunmu, ta kewaya ta Afirka ta Kudu, ta sauka Bombay. A can aka cire mata birged ɗaya, ta 3, aka ba Wingate. Bataliya uku ne a cikinta, ta 6 da ta 7 da ta 12, dukkansu na Nijeriya. Dabarar Wingate ita ce a ɗauki soja a jirgin sama a sauke su can bayan abokan gaba, su kafa sansani a ƙungurmin daji, su datse hanyar jirgin ƙasa, abincinsu da harsashinsu kuwa a riƙa jefo musu da laima daga sama. An fara wannan aiki ran 5 ga Maris, 1944, daidai da shekara ta 1363 ta Hijira, da wasu jirage marasa inji waɗanda wani jirgi ke ja da igiya ya sake su. Har alfadarai aka sa a jirgi, bayan likitocin dabbobi sun yanke musu jijiyar murya domin kada kukansu ya tona asirin runduna. Ran 24 ga watan nan jirgin da ke ɗauke da Wingate ya faɗi a duwatsun Manipur, ba wanda ya tsira. Da aka kasa rarrabe gawarsa da ta Amurkawan da ke tuƙa jirgin, sai daga baya aka haɗa su aka binne a maƙabartar soja ta Arlington a Amurka.

Sojan Nijeriya aka ba tsaron sansanin da ake kira Aberdeen, da kuma wani kusa da garin Mawlu wanda Turawa suka sa wa suna Farin Birni, saboda fararen laimomin da suka maƙale a kan itatuwa har wurin ya yi fari fat. A watan Afrilu Japanawa suka yi ta afka wa Farin Birni dare bayan dare, ba su iya cinsa ba. Da damina ta sauka aka bar wurin aka nufi arewa da ƙafa, cikin taɓo da matsattsaku da zazzaɓi da atini, har watan Agusta da aka janye su. Domin tunawa da waɗannan bataliyoyi uku aka sa wa barikin Zariya suna Chindit.

Sauran 'yan runduna ta 81 kuwa an tura su kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, inda suka sare daji da hannu suka yi hanyar mota ta wajen mil 75. A Janairun 1945 su da 'yan runduna ta 82 suka haɗu suka ci garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gai da su. Baturen da ya ja runduna ta 82 a ƙarshen yaƙin, Janar Hugh Stockwell, shi ne kuma ya ja sojan ƙasa na Ingila da Faransa suka afka wa Masar a rikicin Suwes na 1956. Japan ta sallama ran 15 ga Agusta, 1945, cikin watan azumi na 1364.

ABIN DA NA GIDA SUKA BIYA

Kada mai karatu ya zaci waɗanda suka zauna gida sun huta. Tun kafin a harba bindiga yaƙin ya iso Zariya ta hanyar jita-jita. A 1938 magana ta bazu cewa Ingila za ta ba Hitila wasu ƙasashen Afirka domin a zauna lafiya, har da Nijeriya. Neman kashe irin wannan magana yana cikin dalilan da suka sa aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta R. M. East yana duba aikin. A 1941 aka ƙara wasu takardu da ajami, ana kiransu 'Yar Gaskiya, domin waɗanda ba su yi boko ba. Ta haka labarin Habasha da na Bama ya riƙa isa zaurukan malamai a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru.

Da Japan ta cinye ƙasashen gabas, Ingila ta rasa inda take samun man girki da roba da kuza. Sai ido ya dawo kan manomin Arewa. Ma'aikatar Gona, wadda cibiyar bincikenta ta Arewa take Samaru tun 1922, ita da En'e aka ɗora wa aikin matsa wa talakawa su ƙara noman gyaɗa. A 1942 aka kafa hukuma guda ta Afirka ta Yamma wadda ita ke yanka farashin gyaɗa, manomi ba shi da wani mai saye sai wakilanta. Rarar kuɗin da aka tara ta wannan hanya ita hukumomin ciniki suka gada bayan yaƙi. Tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari kuwa ita ce mahaɗa, domin nan hanyar Kano da ta Ƙaurar Namoda da ƙaramar hanyar Jos suke gamuwa. Gyaɗa da auduga da kurata duk ta nan suka bi zuwa teku. A lokacin nan gishiri ya yi wuya, kananzir da yadi suka yi tsada, ga kuma yunwar 1942 wadda a wasu sassan Arewa ake kira 'Yar Gusau.

Mafi ɗaci duka shi ne abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnati ta tilasta wa manoma wajen 100,000 daga lardunan Arewa, har da Lardin Zazzau, zuwa haƙar kuza a Jos. Akan ɗebe su rukuni-rukuni na 'yan watanni, a raba mutum da gonarsa da iyalinsa, a kai shi tudun da bai saba da sanyinsa ba, ba bargo isasshe, ba abinci isasshe. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu a can. Waɗannan ba a sa sunansu a kan bariki ba, ba a ba su lambar yabo ba. Sojan da suka komo a 1946 ma kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na Bature mai muƙami irin nasu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zauna Zariya a farkon yaƙin, shi ne ya tarye su da waƙarsa Maraba Da Soja.

Akwai kuma waɗanda ba su komo ba, ba a kuma ga gawarsu ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun an rubuta sunayen soja kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan ƙasar nan. Wasu kuwa an binne su a Chittagong da Comilla, a Bangladesh ta yanzu. Duk ɗalibin da ya karanta hukuncin wanda ya ɓace a Risala ya san nauyin wannan al'amari. Matarsa za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wucewa a raye. Muhtasar ya ware wanda ya ɓace a fagen yaƙi da nasa hukunci. Kowane suna na Musulmi a jikin wancan dutse, a bayansa akwai gidan da ya yi zaman jira irin wannan, da marayun da suka girma ba su san inda ubansu yake kwance ba.

MUSULMIN ARAKAN

Yanzu mu zo ga alherin da muka ambata da farko. Arakan, inda sojanmu suka fi daɗewa, yanki ne a bakin teku mai iyaka da Bengal, Musulmi kuwa sun daɗe a cikinsa. Garin Myohaung da sojanmu suka ci shi ne Mrauk-U, hedkwatar tsohuwar daular Arakan wadda aka kafa a 1430. Sarakunanta mabiya Buda ne, amma da yawansu sun ɗauki laƙabin Musulmi, har sun buga kuɗi da kalmar shahada a jiki. Da Japan ta shigo a 1942 ƙasar ta rabu biyu, aka yi kashe-kashe masu muni tsakanin Musulmi da mabiya Buda, kowane ɓangare ya yi hasara. Musulmin suka tsaya wajen Ingila, suna yi wa rundunarta leƙen asiri da jagora a daji.

A farkon Maris 1944 Japanawa suka yi wa wata ƙungiyar ma'aikatan asibitin soja ta runduna ta 81 kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Cikin waɗanda aka bari a kwance akwai wani saurayi Bayarabe, Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, harsashi ya farfasa masa ƙafa, da wani mutumin Saliyo mai suna David Kagbo. Dukkansu biyu Kirista ne, amma tsoro ya sa suka ce wa mutanen ƙauyen su Musulmi ne. Talakawan nan suka riƙa kai musu shinkafa a ɓoye. Daga baya wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa ya ɓoye, alhali ya san in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa ba za su kwana ba. Wata tara suka yi a ɓoye, har sojan Ingila suka komo yankin a Disamba. Da Fadoyebo ya isa garinsu, inda aka riga aka fid da rai da shi, sai da aka watsa masa ƙasa domin a tabbata ba fatalwa ba ne. Ya rubuta labarinsa da kansa. A 2011 wani ɗan jarida na Aljazira, Barnaby Phillips, ya ɗauki wasiƙar godiyarsa ya nemo ƙauyen, ya tarar Shuyiman ya rasu, ya miƙa wa 'ya'yansa. Fadoyebo ya mutu a 2012.

Shuyiman ya yi abin da ya yi ne domin Allah, ga baƙin da bai san ƙasarsu ba, bai kuma jin harshensu. Ladansa yana ga niyyarsa, ko da abin da aka gaya masa ba haka yake ba. To, Musulmin wannan yanki su ne duniya ta sani yau da suna Rohingya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba su da ƙasa. Daga Agustan 2017 fiye da mutum 700,000 daga cikinsu suka tsere wa kisa da ƙone-ƙone, suka ƙetara Bangladesh, suka cika sansanonin Cox's Bazar. Ƙasar da ta kai ƙarar gwamnatin Myanmar Kotun Duniya a kansu, ran 11 ga Nuwamba, 2019, da goyon bayan Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ita ce Gambiya, 'yar ƙaramar ƙasar da sojanta suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da namu a kwarin Kaladan. Mu da muka fi sauran ƙasashen Afirka ta Yamma yawan soja a can, mu da barikokinmu ke ɗauke da sunayen garuruwansu, ya kamata mu tambayi kanmu abin da muka yi musu.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Wataƙila wani mai kishi, da ya ji asalin sunan Chindit da tarihin wanda ya kafa rundunar, zai ce a sake wa barikin suna. Gaskiya ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sake wa wasu mutane da wurare sunayen da ba su da kyau. Amma malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa al'amura suna bin manufofinsu. Ba wanda ke faɗin wannan suna a Sabon Gari da nufin girmama gunki, waɗanda suka sa shi ma nufinsu tunawa da bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12. A ganina goge sunan zai ƙara binne mutanen da muka riga muka manta. Ciwonmu rashin sani ne, shi kuwa an ce ya fi dare duhu. Maganinsa a koya wa yaro ma'anar sunan, da wanda ya kafa rundunar, da abin da ya yi a Falasɗinu, da abin da kakansa ya sha a Mawlu, ba a rage kome ba.

Mazan jiyan da mutanen Sabon Gari suka saba gani da lambobinsu a ƙirji ranar tunawa da soja, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne abin da suka bari a gidajensu, watau littafin sallama, da lambar yabo, da hoto, da labarin da suka ba 'ya'yansu. Ina kira ga duk mai irin waɗannan kaya ya adana su, ya zaunad da tsofaffin gidansu ya rubuta abin da suka ji, ko da boko ko da ajami. Ina kira ga malamai da ɗaliban tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, waɗanda ke da Laburaren Kashim Ibrahim a hannunsu, da Gidan Arewa da gidan adana takardun gwamnati a Kaduna kusa da su, su bi gidajen Sabon Gari da Tudun Wada da ƙauyukan Zazzau su tattara sunayen waɗanda suka tafi Bama da waɗanda aka ɗiba zuwa kuza, kafin gara ta gama da takardun. Wanda kakansa ya kwanta a can, ya yi masa addu'a da sadaka, gama nisan kabari ba ya tare su. Limamai kuma su sa Musulmin Arakan cikin addu'arsu, masu hali su taimaka musu ta hanyoyin da aka amince da su, masu murya a majalisa su yi magana a kansu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma wanda aka yi wa shi ne ya kamata ya fara tunawa da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, na kusa da na nesa, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Allah Ya saka wa Shuyiman da mutanen ƙauyensu da mafificin alheri, Ya yaye wa zuriyarsu abin da suke ciki, Ya kiyashe mu da fitinar yaƙi.